Zanen da Na Ba da Aro

Babu mai iko a doron ƙasa kamar mutumin da ke riƙe da jan bik, alƙalamin nan na gyaran takardu. Sarki yakan yi fushi ya huce. Alƙali in ya yanke, akwai na gaba da shi. Likita ma yakan ce a dawo bayan mako biyu a sake dubawa. Amma wanda aka ajiye wa takardar wani a gabansa, aka ce ya duba ya faɗi ko ta yi ko ba ta yi ba, shi kaɗai ne cikin bayin Allah yake yanke hukunci yana kurɓar shayi, wanda aka yanke wa kuma bai ko san kamanninsa ba. Na riƙe wannan sarauta shekara talatin da huɗu a kwalej ɗin Matameye, ina koyar da ilimin halittu, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Mu biyu ne muka fi kowa daɗewa a kanta. Ɗayan malamin tarihi ne. Mota ɗaya ta kawo mu daga Damagaram muna samari, kowa da akwatin ƙarfe da tabarma, kuma tun a shekarar farko muka ƙulla wata al'ada da ba mu taɓa karyawa ba: babu takardar da ɗayanmu zai rubuta ta bar hannunsa sai ɗayan ya bi ta da ja. Tambayoyin jarrabawa, takardar neman hutu, ƙorafi zuwa ga sufeto, duk sai sun bi ta nan. Wasiƙar da na rubuta wa wadda ta zama uwar 'ya'yana ma sai da ya cire mata waƙafi uku, ya rubuta a gefe cewa tunanin yana da kyau amma an cika maimaici. Yana kirana Mai Kwaɗi, saboda abin da nake feɗewa a gaban yara. Ni kuma ina kiransa Mai Matattu, saboda duk mutanen da yake koyarwa a kansu sun riga mu gidan gaskiya.

Sunan ya ƙara kama shi bayan mun ajiye alli. Tsofaffin malaman yankinmu suna da wata 'yar jarida, shafi huɗu, ana buga ta a injin fotokopi duk wata uku, aka ɗora masa ita. Shafi uku na ta'aziyya ne, na huɗun kuma kullum yana neman abin da zai sa. Kukansa ke nan, wai abokan aikinmu ba su da wani labari da suke kawo masa sai mutuwa, kuma ko ita ba sa kawowa a kan lokaci.

Ni nawa aikin bayan ajiye allin daban ne. Mutane suna kawo mini takardu in karanta musu: sakamakon gwajin jini, sammacin kotu, takardar gona, saƙon da miji ya aiko daga ci-rani wanda matar ba ta so maƙwabta su ji. Ba a biyana, ban kuma nema ba. Abin da nake samu shi ne in na ratsa kasuwa in ji ana cewa, ga Mushe can mai zurfin ciki, don a wajenmu Mushe ake kiran malamin boko. Akwai waɗanda suka tsufa da abin da bai kai wannan ba.

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini wani zane a takarda. Ubansa ɗan ci-rani ne, rabin shekara yana Kano, don haka a gidana yaron ya yi yawancin karatunsa, ya kuma bi ta ajina, inda na riƙa ba shi maki ƙasa da abin da ya cancanta don kada a ce. Ya samu burs, wato tallafin karatu, ya tafi Yamai, daga can ya haye Turai, ya zama injiniya a inda ake ƙera abubuwan da likitoci ke dasawa a jikin mutum. Ba haka kawai ya zaɓi zuciya ba. Yayarsa ta rasu bayan haihuwar fari, kuma abin da likita ya rubuta shi ne ƙyauren zuciyarta ba ya rufuwa. Ni na karanta wa uwarsu takardar.

Ya zo gida wata kaka, ana cikin girbin gero. Kwana biyu da isowarsa ya same ni da hantsi, ya ce mu shiga ɗaki, ya tura ƙofa. A gidana ba a tura ƙofa da rana sai in maganar aure ce ko ta gado, don haka na gyara zama.

"Kawu, ka tuna darasin zuciya?"

"Ni na koya maka shi. Tambayi kanka ko kai ka tuna."

Ya yi dariya, ya shimfiɗa takarda a kan tabarma. Ya ce ƙyauren nan mai ganye biyu da ke tsakanin ɗakunan zuciya na hagu, wani lokaci ba ganyen ne ke lalacewa ba, bakin ƙofar ne ke yin faɗi, sai ganyen su kasa haɗuwa, jini ya riƙa komawa baya. Likitoci sun daɗe suna ɗinka zobe a bakin don su tsuke shi. Matsalar ita ce ana auna zoben ne zuciya tana tsaye. In ta tashi ta koma bakin aiki, sai a ga ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Nasa zoben yana da zare a ciki, wanda za a iya ja ko a sassauta bayan zuciyar ta koma bugawa, sannan a ɗaure.

Na duba zanen da kyau. Na ce, "Wato shekara tara a Turai, ka dawo mana da zariyar wando."

"Ita ce, Kawu. Amma ba wanda ya taɓa sa wa zuciya."

"Ka tabbata?"

"Na duba."

Sai ya ba ni labarin mutumin da zai duba bayansa. Ya ce in kana so hukuma ta ba ka takardar da ke cewa kai ka ƙirƙiro abu, ba wanda zai ƙera shi sai da izininka, sai ka shigar da dosiye, wato takardun neman, a wani ofis. Can akwai mutum, ba ka san shi ba, bai san ka ba, aikinsa kawai ya tono duk abin da aka taɓa rubutawa a kan irin abinka. In ya samu an riga an bayyana shi kafin ranar da ka shigar, ya ƙi. In bai samu ba, ya sake tambayar kansa ko duk mai sana'ar da ya zauna ya yi ɗan tunani zai iya kaiwa nan. In zai iya, ya ƙi.

"A wane yare zai tono?" na tambaya.

"Kowane."

"A wace ƙasa?"

"Ko a bangon tasha aka manna, in dai jama'a na iya tsayawa su karanta."

"In kai da kanka ka manna fa?"

"Bai dame shi ba. Ba ya tambayar wa ya faɗa, yaushe aka faɗa kawai yake tambaya."

Nan take na ji ina son mutumin nan. Na hango shi a wani ofis mai sanyi, tarin takardu a hagu, shayi a dama, ba ya karɓar gaisuwa, bai san ɗan wane ba. Duk tsawon aikina irinsa na so in zama, sai dai ni iyayen waɗanda nake dubawa sahu ɗaya muke a masallaci.

Abin da ya kawo yaron wurina shi ne shaida. Lauyansa bai gama shirya dosiyen ba, sai nan da wata uku. Ya ce yana so babban da ya yarda da shi ya sa hannu a bayan zanen, ya rubuta ranar, ya riƙe kwafi ɗaya. Daga baya na gane wannan sa hannun ba shi da wani amfani a wurin ofishin. Girmamawa ce kawai, irin goron da ake kawo wa kawu. Na sa hannu irin na ranar jarrabawa, mai jela.

"Wata uku, Kawu. Ko Inna ban nuna wa ba."

Na dafa cikina. "Yaro, akwai abin da ke cikin nan tun ba a haife ka ba."

Bayan ya koma na zauna na rubuta masa wasiƙa da Faransanci, shafi huɗu: godiya, yabo, addu'a, da 'yan tambayoyi a kan inda ƙullin zaren zai zauna, da ko jini ba zai daskare a kansa ba. Ina so ya san tsohon malaminsa da sauransa. Da na gama, ƙafata ta ɗauke ni zuwa gidan malamin tarihi. Ban yi shawara da kaina ba. Shekara arba'in ban taɓa liƙe ambulan ba sai da jan rubutunsa a kan daftarin, kuma ban ɗauki wannan a matsayin gaya wa wani ba, kamar yadda mutum ba ya cewa ya tona asirinsa don ya duba madubi.

Ya karanta shafi biyu, ya ɗago.

"Mai Kwaɗi, wannan abin da ka ambata sau bakwai ba ka faɗi sunansa ba, mene ne?"

"Zobe ne."

"Wane zobe? Yaya zan gyara jimla a kan abin da ban gani ba? Kai kana feɗe kwaɗo yana cikin buhu?"

"Amana ce."

"To ni baƙo ne? Ni da na san abin da ka rubuta wa matarka."

Na koma gida na ɗauko zanen. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce, "Yaron nan a ajina barci yake yi." Na ce shi ya sa ya zama wani abu. Ya nemi in bar masa wasiƙar da zanen zuwa gobe, wai idonsa ba ya son gaggawa. Na ce masa ba a nuna wa kowa. Ya ce, "Wa zan nuna wa? Duk waɗanda na sani sun mutu." Washegari ya dawo mini da su, da gyara goma sha ɗaya, tara daga ciki yana da gaskiya.

Mako biyar bayan haka jaridar ta fito. Shafi uku ta'aziyya. A na huɗu ga zanen nan, a ƙarƙashinsa sakin layi uku da aka tsamo daga wasiƙata, a samansa kanu mai cewa ɗan Matameye zai ɗinke zuciyar duniya. Kafin nawa kwafin ya iso hannuna, wani ya riga ya ɗauki hoton shafin da salula ya jefa a zauren hira na 'yan garinmu mazauna waje. A nan yaron ya gani, tsakanin sanarwar suna da hoton wani rago.

Ya kira ni bayan la'asar. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na fi jin daɗi.

"Kawu, wata uku na ce."

"Ban ba kowa ba. Gyara kawai na kai."

"Saura mako bakwai a shigar."

Ya ce zai yi magana da lauya. Ya ce in gaishe da gida.

Na sami malamin tarihi a ƙofar gidansa yana ware sauran kwafin, waɗannan na garin Kance, waɗancan na garin Ɗan Barto. Ya gan ni ya washe baki.

"Ka ga shafinka? Karon farko a shekara shida da muka buga mai rai."

"Na ce maka amana ce."

"Ka ce kada a nuna wa kowa. Ban nuna wa kowa ba, malamansa na nuna wa. Mu muka yi shi. Yabo ne, Mai Kwaɗi. Tun yaushe yabo ya zama tonon asiri? Zagi na buga?"

Na yi masa bayanin mutumin nan na ofis mai sanyi, wanda ba ya tambayar wa ya faɗa, balle da wace niyya.

"Bature zai karanta jaridarmu? Mutum arba'in ke karɓarta. Rabinsu ba sa gani, sauran kuma suna dubawa ne kawai su tabbata ba sunansu ba ne a ciki."

"Tana cikin wayoyi yanzu."

Wani abu ya gifta a fuskarsa, kuma ba nadama ba ce. Ya ce, "Har Turai?"

Da bugawar kaɗai ce, wataƙila da na haƙura kafin azumi. Wannan tambayar ce na kasa haɗiyewa. Na juya na tafi.

An shigar da dosiyen duk da haka, lauya ya ce a gwada. Sai jira. A cikin jiran nan na rubuta wa mai dubawa wasiƙa, a matsayin abokin sana'a. Na bayyana masa cewa tsofaffi arba'in ba jama'a ba ne, cewa ni kaina na sha ɗaga wa ɗalibi ƙafa in na ga kuskuren ba nasa ba ne, na kuma gayyace shi Matameye ya ga injin fotokopin da idonsa. Na nemi adireshin a wurin yaron. Ya ce, "Kawu, don Allah kada ka sake rubuta wa kowa komai." Daga nan ya koma kira ranar sallah kawai, minti biyu, ya tambayi ƙafata.

Amsar ta zo bayan shekara guda, kuma ba shi ya gaya mini ba. Ƙanwata ce ta zo, ta tsaya a zaure ta ƙi shiga ciki, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kai ta ɗaki.

"Yaya, an ƙi."

"Me suka ce?"

"Sun ce an riga an ga abin."

Ta gyara mayafi. Ta ce, "Don yayarsa ya yi," ta fita.

Matameye ba ta buƙatar mai dubawa daga Turai. Tana da nata, kuma ba sa ɗaukar shekara. Kafin kasuwa ta sake ci an gama da dosiyena. Ba wanda ya zage ni. Takardu ne kawai suka daina zuwa. Matar da na yi shekara goma ina karanta wa wasiƙun mijinta, na gan ta tana shiga wurin mai farmasi da ambulan a ƙarƙashin hijabi. In na isa majalisa sai hira ta koma kan ruwan bana. Telan da ke yi mini ɗinki ya tambaye ni, yana auna kafaɗata, ko in ya faɗi awon da ƙarfi zai gan shi a jarida. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don malamin da bai iya yi wa kansa dariya ba yara ke koya masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya ɗora wa malamin tarihi. Shi ɗan jarida ne, an san halinsa. Wanda aka ba amana shi ake tambaya. Uwar 'ya'yana ta ce in fita in faɗa wa mutane wanda ya buga. Na ce an sani. Ta ce to in faɗi wanda ya kai masa. Na ce shi ma an sani. Kuma da na zauna na duba takardata da kaina, ba son kai, makin da suka ba ni shi zan ba wani.

Shekara uku tsakanina da malamin tarihi sallama ce kawai, wadda addini ya hana a yanke. Na koma gefen hagu na sahu. Na riƙa aika takarduna ba gyara, har wata rana wani akawu ya dawo mini da ɗaya an ja layi a ƙarƙashin wata kalma. Da fensir, don ƙarin wulaƙanci.

Wata ranar kasuwa da hantsi malamin tarihi ya yi sallama a zaurena. Ya rame. An yi masa aikin ido a Damagaram, ɗaya a rufe da auduga. Bai zauna ba sai da na ce ya zauna, ni kuma ban ce ba sai da na ga ya dafa bango. Ya ajiye ambulan a tsakaninmu.

"Ban zo neman gafara ba," in ji shi. "Hujja na kawo. Malamin tarihi ba ya yarda da an ce. Kai kuwa, ɗan kimiyya, shekara biyu kana zaune a kan sun ce."

Ya ce 'yarsa da ya sauka a wurinta ce ta gaya masa irin waɗannan dosiye ba a ɓoye suke ba. In wani lokaci ya wuce, ofishin yana buɗe su a intanet, kowa na iya karanta abin da mai dubawa ya rubuta. Ta nemo, ta buga masa a takarda.

Na karanta a gabansa. Da Faransanci ne, irin wanda ba ya gaisuwa. Aiki ne mai tsabta, dole in faɗa. Mutumin ya ɗauki abubuwan da yaron ya ce nasa ne ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu lamba, ya ajiye kowane kusa da abin da ya tono. Zobe mai zare a ciki: yana cikin wata takarda da aka shigar a Amurka. Jan zaren bayan zuciya ta koma bugawa: yana cikin wata ta Japan, har da zane. Abin da ya rage, in ji shi, duk mai sana'ar da ya ga waɗannan biyun zai haɗa su ba tare da ya yi gumi ba. Ya ba da 'yan watanni a kawo amsa in akwai. Ba a kai ba. Na duba ranakun. Ta farkon an shigar da ita yaron yana aji uku na kwalej, yana zaune a gabana. Na bi shafukan sau biyu da yatsa ina neman Matameye. Babu.

Na kira yaron a ranar, ban jira sallah ba.

"Na karanta amsar mai dubawa."

Ina jin motoci a bayansa.

"Wace amsa, Kawu?"

"Mai lambobi. Ta Amurka da ta Japan."

"Ban taɓa cewa kai ne ba."

"Gaskiya ne. Na bi maganganunka duka, ban samu inda ka faɗa ba. Ban kuma samu inda ka ce ba ni ba ne."

Ya ce abin ya yi masa nauyi a lokacin. Ya gaya wa abokan aikinsa ya duba, ya gaya mini ya duba, ashe bai duba da kyau ba. Ya ce ya kira Inna ya faɗa mata gaskiya, ita ta ce ya bar maganar a hannunta. Kuma ai, in ji shi, da jaridar na iya kashe dosiyen. Wasu ne kawai suka riga ta.

"Wato na yi laifin, sai dai ni ma an riga ni."

"Kawu, ba haka nake nufi ba."

Na ce masa ƙafata da sauƙi, tunda na san ita ce tambaya ta gaba.

Ƙanwata na same ta tana tankaɗe. Ni ma na tsaya a bakin ƙofa, don ta ji yadda abin yake. Ba ta musa ba, ba ta ko ajiye rariya ba.

"Na sani tun ranar."

"Kika bar ni shekara biyu."

"Yaya, me kake so in ce wa mutane? Duk garin nan sun ji ɗana zai ɗinke zuciyar duniya. In fito in ce ashe wasu sun yi tuntuni? Nan ba a san an riga shi ba, ya kwafa za a ce. Yaron ko aure bai yi ba. Kai ka tsufa, ka yi sunanka ka gama."

"Shi ne kika ɗauki sunan kika kashe kamar kuɗi."

"Aro na yi," in ji ta. "Kai ma ai aro ka bayar."

A aji in yaro ya ba ni amsar da ban shirya mata ba, sai in ce ya zauna. Ita tana zaune.

Ta roƙe ni abu ɗaya kafin in fita: kada in kai takardun majalisa. Har yau ban kai ba. Mutane suna ci gaba da kai ambulansu wurin mai farmasi, telan yana ci gaba da auna ni da raɗa. Wannan ita ce amana mafi girma da na taɓa riƙewa, kuma riƙe ta ne ke tabbatar wa gari cewa ban iya riƙon amana ba.

Da na sake zama da takardun washegari, zuciya ta huce, sai na lura da abin da ya kamata in gani tun farko. A ƙasan kowane shafi akwai lamba: ɗaya cikin shida, biyu cikin shida. Biyar ne a hannuna. Na sa takalmi na tafi gidan malamin tarihi, karon farko a shekara uku. Yana kan dakali, audugar tana nan.

"Ina na shida?"

"Wane na shida?"

"Kada ka mayar da ni ɗan aji ɗaya."

"Jeri ne kawai. Ba shi da amfani. Injin ma bai buga shi da kyau ba."

"Kawo."

Ya daɗe yana lalube a cikin rigarsa kamar aljihun ya kai Kano. Takardar ta sha ninki har ta yi laushi. Ba sau ɗaya aka karanta ta ba. Jerin takardun da mai dubawa ya duba ne, kowace da harafi a gefenta, a ƙasa kuma an fassara haruffan. Ta Amurka da ta Japan suna sama, da harafin da ke nufin su suka kashe dosiyen. A can ƙarshe ga jaridarmu, da sunanta, da lambar shafi, an rubuta Matameye daidai. Wata alama ta nuna lauyan yaron ne ya miƙa ta da kansa, don kada a ce an ɓoye.

"Ka gani," in ji shi, yana kallon wani wuri da idonsa mai lafiya. "An karanta mu."

Harafin da ke gefenta shi ne wanda ake sa wa takardar da aka duba aka ga ba ta shafi hukuncin ba. Mai dubawa ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashi: zanen bai fito a fotokopi ba, rubutun kuma bai ambaci zaren ba.